Ruwan Kuromiyam da Shari'ar Wane Ne Ya Ƙirƙira

Ƙyallin da muke gani a bamban tsofaffin motoci da kan famfo ruwan kuromiyam ne, wanda ake ɗora wa ƙarfe da wutar lantarki, kamar yadda ake yi wa 'yan kunne ruwan zinariya. Kaurinsa ko kusa da silin gashi bai kai ba, amma a Amurka ya jawo shari'ar da masana doka ke komawa gare ta har yau.

Tun ƙarni na 19 masana ke ta gwada wannan aiki, yau ya yi kyau, gobe ya fito baƙi ko ya ɓare. A 1920 George Sargent ya buga bincikensa kan amfani da asid ɗin kuromik da ɗan gishirin salfet, amma masana'antu ba su samu abin dogaro ba. Sai a 1926 Colin Fink na Jami'ar Columbia ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira. Abin da ya gano shi ne salfet ɗin nan shi ke tafiyar da aikin, kuma dole a lissafa duk wanda ke cikin kaskon, ko daga ina ya shigo, a riƙe shi kimanin kashi ɗaya ga kashi 100 na asid.

Kamfanonin da aka kai ƙara kan amfani da hanyar Fink suka ce ai wannan a fili yake, duk mai sana'ar da ya karanta Sargent zai kai nan. A 1932, a ƙarar da United Chromium, mai riƙe da takardar Fink, ya kai International Silver, Alƙali Learned Hand na kotun ɗaukaka ƙara da ke Niyok ya ƙi wannan hujja, ya tabbatar da takardar. Ni ma ina tare da shi. In da a fili yake, me ya hana gwanaye ganinsa duk tsawon shekarun da suka yi suna asarar kaya? Bayan an ji amsa, kowa malami ne.

Takardar dai ba ta daɗe ba. A 1936, a ƙarar da aka kai General Motors, kotun ta soke ta saboda an nuna Marvin Udy ya riga Fink gano hanyar. Wannan batu ne daban: wa ya riga wani, ba ko abin a fili yake ba.

A 1952 Amurka ta sa sharaɗin cewa kada ƙirƙira ta zama abin da yake a fili a dokar mallakar ƙirƙira ƙarara, sashe na 103, sannan a shari'ar Graham ta 1966 Kotun Ƙoli ta ce a duba daɗewar buƙata da gazawar waɗanda suka gwada. Da wannan ma'auni ya kamata a auna masu neman takarda yau don kawai sun canza launin fenti daga fari zuwa ruwan tagulla. Wanda ya warware matsalar da ta gagari masana'anta a ba shi shekarunsa 20 na mallaka. Wanda ya sauya launi kawai, a hana shi.