Bin Sawun Kalmar "Ishara"

Bahaushe ba ya magana da baki kaɗai. Yana yafuto mutum da hannu, yana zunɗen wani da leɓe, yana gyaɗa kai in ya yarda, yana noƙe kafaɗa in ya ƙi, in rai ya ɓaci kuma a ware yatsu a yi daƙuwa. Kowane motsi da sunansa na Hausa tsantsa. Amma idan aka so a tattara su duka a kalma ɗaya, sai a ce ishara. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne wannan kalmar ba ta yi kama da 'yan uwanta ba. Daga ina ta zo?

Zato na farko da zai zo wa mutum shi ne "isar". Mai ishara saƙo yake isarwa, har akan ce "ya ishe shi". Kunne ya yarda, amma nahawu bai yarda ba, domin sunan aikin da ke fitowa daga "isar" shi ne "isarwa". Zato na biyu shi ne "bushara", tunda amonsu ɗaya. Ita ma ba ta nan take ba, dangin "albishir" ce.

Da aka leƙa waje sai sawu ya fito. Masu Suwahili a Zanzibar suna cewa ishara. Mutanen Pakistan da Indiya ma haka. Turkawa suna da "isharet", a Indonesiya kuma "isyarat". Babu yadda za a yi Bakano ya kai musu ita. Abin da ya haɗa waɗannan al'ummu duka shi ne karatun Larabci, kuma a can tushen yake: haruffa uku, shinun da wawun da ra'un.

Duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya taɓa jin wannan tushe. A Suratu Maryam, aya ta 29, lokacin da mutanenta suka tsare ta da tambaya a kan jaririn da ta ɗauko, Nana Maryam ba ta ce uffan ba, nuna shi kawai ta yi. Aikatau ɗin da aka yi amfani da shi a wurin, shi ne ya haifi ishara. Ɗalibin zaure kuma yana gamuwa da shi a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, a inda ake bayanin nuni da manuniya lokacin tahiya. A ganina ta wannan ƙofar kalmar ta shigo mana, daga bakin malamai. Shi ya sa take da nauyin da zunɗe ba shi da shi. Idan azzalumi ya gamu da masifa, cewa ake yi Allah ya nuna masa ishara, wato nuni ne wanda ba hannun ɗan Adam ya yi shi ba.

Sai dai a nan wani sabon ƙulli ya ɓullo. Waɗannan haruffa uku su ne dai suka ba mu "shawara", su ne kuma suka ba da sunan Suratush Shura, sura ta 42. Me ya haɗa motsa yatsa da zaman tattaunawa?

Masanin lugga Ibn Faris, wanda ya rasu wajen 1004, ya bi diddigin tushen a ƙamusunsa Maƙayisul Luga, ya raba shi gida biyu. Gida na farko shi ne fito da abu fili a gan shi, kamar yadda mai sayar da dabba yake zagayawa da ita a kara don masu saye su duba ta. Gida na biyu shi ne ɗebo abu, musamman zuma daga amya. Ya kawo cewa wasu masana sun ɗora shawara a kan wannan na biyu: mai neman shawara yana ɗebo ra'ayi ne daga wurin wani, kamar yadda ake ɗebo zuma. Bayanin yana da daɗi ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓa samun shawarar dattijo a lokacin da kansa ya kulle zai gane abin da suke nufi.

Duk da haka, ni na fi gamsuwa da wata hujja mai sauƙi da ke cikin Larabcin yau da kullum. Aikatau guda ne, "ashara". In aka bi shi da harafin "ila", ma'anarsa ya nuna abu. In aka bi shi da "ala", ma'anarsa ya ba da shawara. Mai ba da shawara hanya yake nunawa, ya ce bi nan, kada ka bi can. Daga nan ne ma aka samu "mushir", wanda asalinsa mai nuni ne ko mashawarci, yau kuma shi ne muƙamin ƙoli a rundunar sojan Masar da ta Sudan.