Matatar Iska da Lafiyar Injin Dizal a Ƙasar Dutse

Injin dizal ba shi da fulogin da ke tayar masa da wuta. Iska yake shaƙa, fistin ya matse ta har ta yi zafin da man gas zai kama da kansa da zarar an fesa shi. Kowace lita ɗaya ta mai tana buƙatar iska kimanin lita 10,000 ko fiye, kuma dukkanta ta cikin akwati ɗaya take wucewa, inda aka ajiye filta mai naɗaɗɗiyar takarda domin tace ta.

A tsakiyar Jigawa aikin wannan takarda ba ƙarami ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ga kuma ƙasar yankin kanta rairayi ce. Motar Hilux da ta sauka daga kwalta ta bi hanyar ƙauye zuwa kasuwar Shuwarin, ko Sara, ko Gujungu, musamman idan tana bayan wata motar, cikin ƙura take wuni. Ƙwayar rairayi kuwa tauri gare ta, har ƙarfe takan ci. Idan ta tsallake filta, sai ta fara da fukafukan tobo, wato na'urar da ke tura wa inji iska, sannan ta shiga silinda tana goge bangonsa da ringin fistin kamar ana cuɗa su da sanfefa. Daga nan mota ta soma shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, da safe kuma tashi ya zama wahala.

Akwai kayan da ake sayarwa domin maye gurbin akwatin da kamfani ya ɗora, irin na K&N na Amurka: bututu mai faɗi da filta ta auduga da ake shafa wa mai, a wanke ta a sake amfani da ita. Hujjar masu yin su tana da tushe. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, kuma idan zafinta ya sauka da digiri 10, abin da silinda ke ɗauka yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. Sai dai injinan zamani suna da tobo da ke tura iska, da kuma na'urar da ke sanyaya ta kafin ta shiga, don haka ƙarin ƙarfin da ake samu kaɗan ne. Wanda ya cire akwatin ya bar filta a buɗe a gefen inji, a watan Afrilu da zafin Dutse ke haura digiri 40, iska mai zafi kawai ya ƙara wa motarsa. Mafi muni, auduga takan bar ƙura mai laushi ta wuce fiye da takarda mai kyau, kuma idan man da aka shafa ya yi yawa yakan ɓata na'urar auna iska.

Abin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne dogon bututun da ake ɗaurawa a gefen gilashin gaba, bakinsa na kusa da rufin mota. Daga can sama ƙurar tayoyi ba ta da yawa, kuma idan an sa masa kofin da ke juya iska, manyan ƙwayoyin rairayi za su faɗa ciki kafin su isa filta. Da damina ma yana da amfani a fadamun Ringim da Miga, domin yana hana inji shaƙar ruwa: ruwa ba ya matsuwa, kuma idan ya shiga silinda yakan lanƙwasa sandar fistin nan take.

Ɓarna mafi yawa dai a wurin mai faci ake yin ta. Direba ya ciro filta, ya buga ta a jikin taya, sannan a hura mata iskar kwamfuresa da ƙarfi. Takan fito fes, amma takardar ta riga ta sami ƙananan huji da ido ba ya gani. Filtar da ta ɗan yi ƙura ta fi wadda aka huda tacewa nesa ba kusa ba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce a sa yatsa cikin bututun da ke bayan filta: idan ya fito da ƙura, to inji na shan ta. Mai sayen sabuwa a Dutse ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ya duba robar bakinta da kyau, domin ta jabu ba ta zama daidai a akwati, kuma ya riƙa canzawa da wuri a lokacin hunturu, ba sai ya jira kilomitocin da littafin mota ya faɗa sun cika ba.