Turbar Masunta: yadda aka raba hanyar ƙafa da ta keke a gaɓar Fotugal

A kudu maso yammacin Fotugal akwai wata gaɓar teku da manyan otal-otal ba su mamaye ba. Daga garin Sines mai tashar jiragen ruwa, in ka gangara kudu har tsinin ƙasar da ake kira Cabo de São Vicente, abin da za ka yi ta gani shi ne duwatsu masu tsayi da suka tsaya a kan tekun Atlantika, da tuddan yashi, da ƙananan garuruwa masu fararen gidaje. Tun 1995 hukuma ta mayar da yankin gandun da doka ta kare, saboda haka mai kuɗi ba zai wayi gari kawai ya dasa bene a bakin ruwa ba. Dokar ta tsare gaɓar, amma ba ta kawo wa mutanen wurin ciniki ba. Baƙi kan cika garuruwan a Yuli da Agusta don wankan teku. Da rani ya wuce sai a watse, masu masauki su zauna jiran baɗi, matasa kuma su nufi birni neman aiki.

Masu ƙananan masaukai na yankin, waɗanda ke da ƙungiya mai suna Casas Brancas, su ne suka ɗauki maganar a ka. Lissafinsu mai sauƙi ne. Mai wankan teku zafi yake nema, mai tafiyar ƙasa kuwa gudun zafi yake yi, shi da mai keke. In aka samar musu hanya mai alama, za su zo a watannin da gari ya yi tsit. A 2012 aka buɗe hanyoyin da sunan Rota Vicentina, daga baya aka kafa ƙungiya ta musamman da ke kula da su. A yau hanyoyin ƙafar sun kai kusan kilomita 750.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne ba su shigo da katafila ba. Hanyoyin duk suna nan tun kaka da kakanni. Masunta sun daɗe suna bin siririyar turba a kan duwatsun don isa inda suke jefa ƙugiya, wasu ma har sauka suke yi da igiya su ɓamɓaro wani abincin teku da ke manne wa dutse inda igiyar ruwa ta fi duka, wanda ake saye da tsada. Can ciki kuma akwai tsofaffin hanyoyin da ke haɗa ƙauye da ƙauye. Aikin masu tsarawa shi ne zaɓe: wace turba za a sa wa alama, wace za a ƙyale, kuma wa za a bari ya bi ta.

Sun fitar da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce Turbar Masunta, wadda ke manne da bakin teku. Da zango huɗu ta fara, daga Porto Covo zuwa Vila Nova de Milfontes, zuwa Almograve, zuwa Zambujeira do Mar, ta tsaya a Odeceixe, kimanin kilomita 75 ke nan. Yanzu an miƙa ta har Lagos ta Fotugal, ta haura kilomita 220. Ta biyu ita ce Hanyar Tarihi, wadda ta taso daga Santiago do Cacém ta ratsa gonaki da dazuzzuka, tsawonta ya haura kilomita 260.

A kan Turbar Masunta an hana keke, ko wane iri ne. Mai karatu zai ce ai keke ba hayaƙi, ba ƙara, me ya yi? Duk wanda ya taso yana tuƙa keke a turbar gona ya san abin da taya ke yi wa yashi. Tana tsaga shi, ta bar rami siriri, ruwan sama ya zo ya bi ramin ya faɗaɗa shi. Tuddan yashin gaɓar nan ƙananan tsirrai ne suka riƙe su da saiwa, wasunsu ma ba a samun su ko'ina a duniya sai a wannan yanki. In saiwar ta tafi, iska ce za ta kwashe sauran. Ga shi turbar a wurare da yawa faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, kuma gefe guda rami ne har teku. Saboda wannan dalilin aka ce tawagar matafiya kada ta wuce mutum 20. Masu keke kuma ba korar su aka yi ba, an juya su ne zuwa Hanyar Tarihi mai faɗi da ƙasa mai tauri, sannan aka tsara musu nasu hanyoyin na keken daji da suka haura kilomita 1,000 a cikin ƙasar Odemira, ƙaramar hukumar da ta fi kowace faɗi a Fotugal.

A ganina nan ne hikimar take, domin juya masu keke ciki ya biya buƙata biyu. Ya hutar da yashin, ya kuma kai baƙo ƙauyukan da ba su taɓa cin moriyar teku ba. Mai keken da ya ratsa can zai wuce ta kurmin itatuwan da ake ɓare wa ɓawo don yin toshiyar kwalba. Sau ɗaya a shekara tara ake ɓare itacen, sai a rubuta lambar shekarar da farin fenti a jikin kututturen da ya yi ja, don kada a kuskure lissafi. Zai tsaya ya sha gahawa a shagon da a da sai mutanen garin ke shiga.

Tsawon zango ma ba da ka aka yanka shi ba. Yawanci tsakanin kilomita 15 ne zuwa 25, abin da mutum zai iya ci a yini, kuma kusan kowane zango a gari yake ƙarewa, inda akwai gado da abinci. Wanda ya fara da zangon Porto Covo zai gane cewa kilomita 20 a cikin yashi mai zurfi ba wasa ba ne. Takalmi yana cika, sai an zauna an zazzage, ƙafa tana nitsewa, ga inuwa ta yi ƙaranci. Shi ya sa ƙungiyar da kanta take ba da shawarar a zo tsakanin Satumba da Yuni. A kusa da Cabo Sardão kuma matafiyi zai ga dangin shamuwa masu farin gashi sun yi sheƙa a kan tsinin dutse a cikin teku, abin da aka san wannan gaɓa da shi. Irinsu ne ke tsallako hamada su sauka a ƙasashen Sahel lokacin sanyin Turai.

Alamomin hanya fenti ne kawai a jikin turke ko dutse. Layi biyu, kore da shuɗi, na Turbar Masunta ne. Ja da fari na Hanyar Tarihi. In layukan suka gitta juna, ka bar hanya, koma baya. Abu ne mai arha, amma iskar gishiri tana cin fenti, ciyayi suna rufe turke, don haka akwai 'yan sa-kai da kowannensu ya ɗauki wani yanki yana zagayawa yana gyarawa. Akwai kuma maganar masu ƙasa, domin hanyar tana ratsa filayen mutane. Wanda ya san rigimar burtali a ƙasarmu ya san cewa zana layi a taswira shi ne mafi sauƙi, wahalar tana wajen shawo kan mai gonar da layin ya bi ta gefensa, da tabbatar da cewa mai wucewa ya rufe ƙyauren da ya buɗe.

Ba komai ne ke hannun masu tsara hanyar ba. A ƙasar Odemira ɗin nan, ruwan madatsar Santa Clara da ke kan kogin Mira ya jawo manyan kamfanonin noma, suka shimfiɗa rumfunan leda suna noman 'ya'yan itatuwa don kasuwannin Turai. A wasu wurare matafiyi yana tafe, teku a hannun dama, ledoji a hannun hagu. Yawancin masu aiki a ciki 'yan ci-rani ne daga Nepal da Indiya da Bangladesh, kuma a 2021, lokacin da aka killace wasu gundumomin yankin saboda korona, Fotugal duka ta ga irin cunkoson da suke kwana a ciki. Ƙungiyar hanyar tana da ikon cewa keke kada ya hau yashi, amma yawan ledar da za a kafa da rabon ruwan madatsar, wannan hukuncin gwamnati ne a Lisbon.