Soket ɗaya zai ɗauki dutsen guga da hita?

A duba jikin kowane kayan wuta, akwai lamba da harafin W a gefenta. Wat ke nan, yawan wutar da yake ci. Fankar sama kan ci wat 80 ko ƙasa da haka, ƙwan LED kuwa 10 ma ta ishe shi. Masu haɗama su ne masu yin zafi: dutsen guga 1,000 zuwa sama, hitar ruwa wajen 2,000.

Soket mai amfiya 13, a wutarmu ta bolt 230, iyakarsa kusan wat 3,000. Da an cusa masa guga da hita tare an kai shi maƙura, waya na iya ɗaukar zafi har roba ta fara ƙauri.