'Ya'yan Kabewa: Abincin da Muke Zubarwa a Juji

Idan kaka ta yi a Birnin Kudu da Gwaram, kabewa ba ta ɓuya. Ga ta jibge a kasuwar Sara da ta Babaldu, ga ta a kan rufin ɗaki tana jiran ranar miyar taushe. Uwargida ta sa wuƙa ta raba ta biyu, ta kwashe cikin da hannu, zare-zare da 'ya'ya duka, ta miƙa wa yarinya ta ce, “Je ki zuba wa awaki.” Wani gidan ma juji ake kaiwa. Wannan ɗabi'a tana damuna, domin abin da aka zubar ya fi abin da aka sa a tukunya gina jiki.

Tsokar kabewa galibinta ruwa ce, ko da yake launinta na ɗorawa alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido. Amma ƙwayar da aka ɓare, a kowane giram 100 akwai kusan giram 30 na furotin, kusan rabinta kuma mai ne, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ga zink da maganiziyam. Wato sahun gyaɗa da riɗi take, ba sahun shara ba.

Mutanen Meziko, inda asalin kabewa yake, sun daɗe da sanin haka. A wani kogo a jihar Wahaka an tono 'ya'yan kabewar da aka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma har gobe mutanen ƙasar suna soya 'ya'yan kabewa, suna yin alawa da su. A yankin Sitiriya na ƙasar Ostiriya kuwa mai ake matsewa daga cikinsu, ana sayarwa da tsada. Mu da muka iya kantun riɗi da gyaɗa mai sukari, me zai gagare mu?

Aikin ba wuya, sai dai yana son haƙuri. A zuba cikin kabewar a ƙwaryar ruwa a murje. 'Ya'yan za su taso, zaren ya rabu. A baza su a faifai su sha rana kwana biyu ko uku, har sai ƙwaya ta ce ƙas idan an karya. Wannan shanyar ita ce rabin aikin. Ƙwaya mai danshi ba ta soyuwa, turaruwa take yi ta yi yauƙi, idan kuma aka adana ta haka fumfuna ce za ta kama ta, irin wadda ke ɓata gyaɗa ta cutar da hanta. Iskar hunturu tana rage wahalar.

Kafin a ɗora kasko, a ware manya masu ƙiba a ƙulle a tsumma domin iri. Wadda ta ga wuta ba ta tsira.

Sauran a soya su a garwashi mai sanyi, ko cikin yashi mai tsabta kamar yadda ake yi wa gyaɗa, domin yashi yana raba zafi daidai. Ana juyawa har su fara tsalle suna ƙara, ƙamshi ya tashi. A nan ne masu gaggawa ke kuskure, su zuba sukari tun farko, ya ƙone ya yi ɗaci alhali ƙwaya ba ta nuna ba. Zaƙi a ƙarshe yake shiga. A rairaye yashin, a narka mazarƙwaila ko sukari da ɗan ruwa, a sa garin citta da ɗan gishiri, a juye 'ya'yan a gauraya har su rufu, sannan a baza a tire su huce. Mai ciwon sukari ya tsaya a gishiri da yaji. Ƙananan yara kuma a ɓare musu a daka a zuba a kunu, kada su shaƙe.

Iyayenmu mata na Birnin Kudu da Gwaram, kabewar da za ku yanka a wannan kakar, ku ba awaki ɓawon, ku shanya 'ya'yan.