Kalmar Turanci mai dangi har da ashana

Jama'a, yau wata kalmar Turanci muka kamo, irin wadda 'yan boko ke jefowa in suna so a san sun sha karatu: elucidate. Ma'anarta a fayyace abu har kowa ya gane. Ku gyara zama.

Asalinta Latin ne, harshen Romawa, daga lux, wato haske, kuma a ƙarni na 16 ta shiga Turanci. Ashe duk wanda ya ce a yi masa ƙarin haske, layinsu ɗaya da Bature. Tasa dai ta fi wahalar faɗa.

Danginta ne abin kallo. Lucifer daga tushen nan ya fito, ma'anarsa mai ɗauke da haske, kuma da shi Romawa ke kiran tauraron asuba, Gamzaki ke nan. Daga baya Kiristoci suka liƙa wa Shaiɗan sunan. Gamzaki bai ci nanin ba, nanin ta ci shi!

A ƙarni na 19 kuma aka riƙa sayar da ashana a Ingila da sunan lucifer, kuma har gobe haka mutanen Holand ke kiranta. A can sai ka aiki yaro ya sayo maka Shaiɗan kwali guda, ba wanda zai ce a'uzu.

Ƙwaron nan mai ƙyalli da dare ma ya samu rabo: sinadarin da ke haska jikinsa luciferin masana ke ce masa. Ba batir, ba kuɗin wuta.

Ita kanta lux ta zama ma'aunin haske. Farin wata na daren sha huɗu bai kai lux 1 ba, rana tsaka kuwa takan kai 100,000. A bar wa wata kwalliya kawai.

Explain kuwa, wadda kowa ya sani, ma'anarta kusan ɗaya da ta elucidate, amma ba ruwanta da haske. Daga planus take, wato shimfiɗaɗɗe: ka baje magana kamar tabarma, kowa ya samu wurin zama.

Sai 'yan gida ɗaya da ba sa ga maciji. Explicate da complicate duk daga plicare suke, wato naɗewa. Ta farko warware naɗin take yi, ta biyu kuwa cukurkuɗa shi. Masu jarrabawar Turanci a gaba, ku kula, kada ku ba wa wata aikin wata.