Farin Naman Kaza A Karkarar Abuja: Ba Kowane Ne Na Miya Ba

Da zarar damina ta kankama a Yankin Babban Birnin Tarayya, akan wayi gari a tarar da waɗansu fararen tsirrai masu kamar laima sun ɓullo cikin ciyawa a karkarar Kuje da Bwari da Gwagwalada. Su ne ake kira naman kaza, waɗansu kuma su ce laimar kwaɗi. Mutanen Gbagyi, waɗanda ke zaune a wannan ƙasa tun kafin a zaɓe ta don gina babban birni a 1976, sun gaji sanin na ci daga iyaye da kakanni. Baƙin da suka cika birnin kuwa, akasarinsu farin kawai suke gani, alhali fari ba shaida ba ne.

Wanda aka fi so a miya shi ne mai fitowa a kan suri ko kusa da shi. Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, ya raɗa wa danginsa suna Termitomyces a 1942. Abin mamaki, gara ce ke noma shi a cikin gidanta, tana tara masa tattaunannen itace da ciyawa, shi kuma yana ciyar da ita. Saboda haka in aka haƙa gindinsa a hankali, za a ga wata doguwar saiwa mai tauri ta nutsa ƙasa har zuwa ɗakin garar. Tsakiyar hularsa ma tana da ɗan tsini, wanda da shi yake huda ƙasa ya fito.

To, amma akwai wani mai kama da shi da ake kira Chlorophyllum molybdites, wanda ya fi son buɗaɗɗen fili mai ciyawa, irin na harabar gidaje da ma'aikatu inda ake ban ruwa. Fari ne, babba, gwanin sha'awa, da zobe a wuyansa, amma ba shi da doguwar saiwar nan. In ya girma, ƙarƙashin hularsa yakan rikiɗe ya koma kore-kore. Masana sukan yanke hular su kife ta a kan farar takarda ta kwana. In aka ga garin da ya zubo kore ne, to, guba ce. Ƙaraminsa ya fi yaudara, domin ƙarƙashinsa fari ne tukuna. Wanda ya ci shi, cikin awa ɗaya zuwa uku amai da gudawa mai tsanani za su kama shi. A Amurka babu naman kazan da ya kai shi yawan kwantar da mutane.

Camfe-camfen da ake yi, cewa wai in ƙwari sun ci to mutum ma zai iya ci, ko kuwa wai dafuwa tana kashe guba, duk ba abin dogara ba ne. A cikin dangin Amanita akwai masu wata 'yar jaka a gindi, waɗanda gubarsu ba ta jin wuta ko kaɗan. Ba ta nuna kanta sai bayan awa shida ko fiye. Sa'an nan majiyyaci ya ji kamar ya sami sauƙi, alhali hantarsa ce ke lalacewa. Don haka likitoci ke son a garzaya da shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci, a kuma faɗi lokacin da ya ci shi.